Ranar da Mariposa Ta Yi Tafiyar Ƙaguwa

Duk wanda ya shigo falona, kafin ya ga kujerar zama sai ya ga hoton nan da ke bisa rediyo. Jikata Yusimí ce zaune a kan majinginar kujerar baya ta mota marar rufi, rigarta ta cika wurin har ta zubo, tana ɗaga wa mutane hannu. Motar ita ce Mariposa, ta mijina marigayi Evaristo. Wanda ke riƙe da sitiyari kuwa, ya murɗe wuya yana kallon baya, ƙanen mijina ne Anselmo. Baƙi sukan tambaya me yake kallo haka. Nakan ce su zauna tukuna a kawo kofi.

Mariposa motar Amurka ce ta tun kafin juyin juya hali, Evaristo ya gaje ta wajen ubansa. Da waya da gwangwanin madara ya riƙa lallaɓa ta shekara da shekaru, bai taɓa kai ta gareji ba. Ranar da aka haifi Yusimí ya ɗauke ta ya kwantar a kujerar baya, ya ce ran bikin cikarta shekara goma sha biyar a nan za ta zauna, shi ya zagaya da ita dandalin garinmu Caibarién yana danna hon. Bai kai ba. Injin ya tsage a shekarar da shi ma ya tafi, motar ta zauna a kan bulo ƙarƙashin mangwaro, kaji suka mai da ita ɗakin haihuwa.

Da bikin ya matso, uwar yarinyar tana can Sifen tana aikin kula da tsofaffi, komai ya dawo wuyana. Na turke alade, na yi magana da mai kek, na yi da mai hoto. Saura mota. Na tari Orestes, mai jar motar nan marar rufi da ake haya, a layin burodi. Ya faɗi kuɗinsa, ya ƙara da cinyar alade guda. Na taya yadda mai hankali ke tayawa. Sai ya yi dariya ya juya wajen mutanen layi.

"Doña Obdulia, in abin ya yi miki tsada, ai ga akurkin Evaristo can. Ki kori kajin ki sa yarinyar."

Layi ya ɗauki dariya. Na bari suka gama, sannan na ce masa a gaban kowa, jikata a motar kakanta za ta zagaya dandali, shi kuma ya zo ya ci shinkafa kyauta ya gani da idonsa.

Kafin in iso gida maganar ta riga ni. Na tarar da Anselmo zaune a teburina, ya buɗe tukunyar wake da kansa. Anselmo ya taɓa zuwa Jamus ta Gabas a zamanin da ake tura samari koyon sana'a, tun daga lokacin ba ya amsa suna sai an ce Injiniya. Shi ya ce a masana'antar manyan motoci ya yi aiki. Evaristo ya ce haka ne, a ɗakin girkin masana'antar yake fere dankali.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki," ya ce, cokali a baki. "Motar da yayana ya yi ta faci kamar wandon talaka, ni zan yi mata aikin Jamus. In na gama, Orestes zai sayar da tasa ya sayi keke."

Na tambayi ladansa. Ya dafa ƙirji ya ce shi da jikar ɗan'uwansa babu lada, abincin rana kawai. Daga baya na gane da lada na biya da ya fi min sauƙi.

Ya ce injin dizal za a sa, kuma ya san inda yake. Nemesio masunci yana da injina biyu da ya ciro daga wani jirgin ruwa da guguwa ta fasa, tagwaye, suna ajiye a rumfarsa. Muka je tare. Nemesio ya nuna na dama ya ce mu ɗauki wannan. Anselmo ya kanne min ido, ya raɗa min cewa duk abin da mai kaya ya tura maka, shi ne wanda yake so ya rabu da shi. Ya ƙwanƙwasa na hagu da sifana, ya kara kunne kamar likita, ya ce wannan yake so.

Nemesio ya buɗe baki zai yi magana, Anselmo ya ɗaga masa hannu.

"Kai ka san kifi, ni na san ƙarfe. Kowa ya tsaya a nasa."

Sai aka zo ciniki, nan kuma fagena ne. Keken ɗinkina Nemesio yake so. Na ce keken ɗinkin uwata ne, ko gawata ba za ta bayar ba. Na tuna masa ranar da Evaristo ya kai matarsa asibiti tana naƙuda bai karɓi ko sisi ba. Na tafi har bakin titi sau biyu ana kirawo ni. Sai da rana ta take tsaka ya sallama a kan tsohon keken hawan Evaristo marar sarƙa, kuma shi zai kawo injin har gida a amalanken dokinsa. Yana share gumi ya ce, "Doña Obdulia, kin matse ni har ba ni da sauran bakin magana." Ya kuwa cika alkawari, bai ƙara cewa komai ba.

Ranar ɗora inji, Anselmo ya rataya sarƙa a reshen mangwaro. Maƙwabciyata Migdalia ta leƙo ta katanga ta ce reshen nan tururuwa sun cinye cikinsa. Ya ce mata a Jamus da reshen da bai kai wannan ba ya ga an ɗaga kan jirgin ƙasa. Injin ya tashi kamar kamu uku, reshe ya ce ƙaras, ya sauka a kan katangar Migdalia ya tafi da rabinta, da igiyar shanyarta, da wandunan mijinta.

Ta fito ta tsaya a inda katanga take a da, ta riƙe ƙugu.

"Injiniya, a Jamus ɗin haka ake buɗe wa maƙwabta ƙofa?"

Ya ce ta gode Allah, yanzu iska za ta riƙa shiga gidanta. Ta ce iskar da ke kansa ta ishi unguwar. Daga ranar Migdalia ta daina leƙe, sai ta ɗauko kujera ta zauna a giɓin tana tsince shinkafa tana kallo. Masu karta na bakin kwana su ma suka dawo da teburinsu ƙofar gidana. Maza takwas ne suka ɗora injin da hannu a ƙarshe, duk kuma suka tsaya cin abinci.

Wata safiya na tafi layin man girki. Ina dawowa tun daga nesa na ji kukan zarto. Na shigo na ga rufin Mariposa jingine da bangon ɗakin alade, Anselmo tsaye a cikin mota, rana na dukan tsakar kansa.

"Yanzu ta zama marar rufi," ya ce. "Ko kina so jikar Evaristo ta leƙo ta taga kamar mai zuwa asibiti?"

Na ajiye kwalbar man a hankali don kada in yi asararsa a kansa. Na faɗa masa abubuwa game da shi da ranar da aka haife shi waɗanda Migdalia ta ce ba ta taɓa jin an jera su da kyau haka ba. Ashe rufin ne ke riƙe da ƙugun motar. Da aka cire shi sai ta sake jiki, ƙofofi suka ƙi rufuwa. Ya ɗaure su da igiyar shanyar Migdalia, ya ce motocin tsere ma ta sama ake shiga.

Fenti kuma na jirgin ruwa ya samo, shuɗi, ya zuba a famfon feshin sauro. Motar ta samu, bangon gida ya samu, kaza guda ta yi wata tana yawo shuɗiya har zakara ya daina kula ta.

Sai man birki. Kowa a ƙasar nan ya san in babu shi ana haɗa ɗan sabulun wanke gashi da barasa da ɗan mai a lallaɓa, Evaristo ma ya sha yi. Amma shi da murfin kwalba yake aunawa. Anselmo ya shiga banɗaki ya ɗauko sabulun da uwar Yusimí ta aiko daga Sifen musamman don ranar biki, mai ƙamshin tuffa, ya juye kwalbar gaba ɗaya. Barasar da na auna masa kuwa, ya ce ya ɗanɗana ya ji ba ta da ƙarfin da birki ke so, saboda haka ya ƙarasa ta kada ta lalace. Yusimí ta yi kuka. Ya ce ta yi haƙuri, duk inda ta wuce ranar nan za a ji ƙamshinta.

Ranar da ya tada injin, motar na kan bulo ba taya, unguwa ta cika gidana. Gaskiya ya tashi, da ƙara kamar ana sauke duwatsu. Kaji suka haye mangwaro. Sai Migdalia ta lura iskar fankar injin ba ciki take shiga ba, ta hancin motar take fitowa, har tana ɗaga mata siket. Ta ce ita dai motar Evaristo ba ta taɓa hura mata iska ba.

"Na Amurka shaƙa yake yi," in ji Anselmo. "Na Jamus fesowa yake. Shi ya sa ba sa mura."

Na ce a sa taya a gwada ta a titi. Ya ce tayoyin aro ne daga gida huɗu, kuma kowa ya ce ran biki kawai zai bayar. Dizal ɗin ma jarka guda ce, in aka ƙona a gwaji da me za a yi zagaye? Ya ƙara da cewa wanda bai yarda da aikinsa ba ne ke gwaji.

Ran biki tun da hantsi alade na juyawa a kan garwashi. Kek mai hawa uku yana kan tebur a baranda, daidai hancin Mariposa, don da kai aka shigar da ita gidan tun zamanin Evaristo. Masu kakaki sun zo, mai hoto ya zo. Orestes ma ya zo, ya ajiye jar motarsa a tsallaken titi ya jingina da ita yana sakace. Maza biyu suka ɗaga Yusimí da rigarta suka ɗora ta ta saman ƙofa. Ta shafa kujerar ta dube ni, ni kuma na dubi aladen.

Anselmo ya fito cikin farar riga da hular da ya ce ta direbobin Jamus ce. Ya tsallaka ciki, ya tada inji, ya ce a ba shi hanya zai fito da baya. Ya sa ribas. Mariposa ta yi gaba.

Bamba ta tura tebur, tebur ya tura bango, kek ya taho ya zauna a kan bonet. Migdalia ta yi tsalle ta cafe hawa biyu na sama, na ƙasan ya zama rabon kaji. Anselmo ya ce kulocin ne bai gama farkawa ba. Ya sa giya ta ɗaya don ya gyara tsayuwa, sai motar ta yi baya sumul, ta fice ta ƙofar gida ta tsaya a tsakiyar titi. Mutane suka tafa. Ya cire hula ya rusuna kamar haka ya shirya.

Ya daidaita hancinta wajen dandali, ya sake sa ta ɗaya. Ta yi baya. Ya sa ta biyu. Ta ƙara gudu, da baya, masu kakaki suka watse. Da ƙyar ya tsayar da ita a ƙofar gidan mai aski.

Nemesio na cikin taron, ya toshe baki da hula kafaɗunsa na rawa. Na je na tsaya a gabansa. Ya ce ai kowane ɗan garin nan da ya taɓa shiga ruwa ya san jirgi mai inji biyu, ɗaya dama yake juyawa ɗaya hagu, don kada jirgin ya yi ta zagaye wuri guda. Na dama irin juyin mota yake yi. Na hagu kuwa, to, ga shi nan muna gani. Na ce me ya hana shi faɗa.

"Injiniya ya ce in tsaya a kifi. Ke kuma kin ba ni keke marar sarƙa. Na ga kamar ku mutane ne masu son abin da ba ya gaba."

Anselmo bai taɓa shiga jirgi ba, ko gadar tashar masunta ya hau sai ya yi amai. Amma ya miƙe tsaye a cikin mota ya sanar da jama'a cewa da gangan ya yi. Ya ce a Turai ba a sa sarauniya a bayan direba, ita ke shiga gari da farko. Wani daga masu karta ya tambaya ko a Turai ma da ƙeya ake gaisawa.

Aka gwada tafiya gaba da ribas. Motar na kuka kamar aladen da ake yankawa, wata tsohuwa mai sanda ta wuce mu. Orestes ya tako a hankali ya ce motarsa na nan, sai dai yanzu cinya biyu ce. Ban ko kalle shi ba. Na je wajen Yusimí na ce ta faɗi abin da take so, ranarta ce.

"Kaka, Kakana cewa ya yi zan zagaya dandali a motarsa. Bai ce ta wace fuska ba. Ni gaba zan kalla, Kawu ya ji da baya."

Haka muka tafi. Mariposa na tafe da gindi, Anselmo ya murɗe wuya har jijiya ta fito, masu kakaki suna bin hancin motar suna shan hayaƙi da iskar fanka. Mai hoto na gudu a gefe. Garinmu da ma akwai gunkin ƙaguwa a bakin shigarsa, saboda haka ba a daɗe ba wani ya ce ga ƙaguwa ta sauko daga kan dutsenta ta zo biki. Kafin mu kai coci duk dandali na kiran ƙaguwa, mata na fitowa baranda, waɗanda ake yi wa aski da kumfa a fuska. Yusimí tana ɗaga hannu kamar an haife ta a haka. Ban taɓa ganin bikin da ya tara mutane irin wannan ba, har na fara tunanin yafe wa Anselmo rabin rufin.

Da ya zo shan kwana ta uku ta dandali ya taka birki. Ƙamshin tuffa ya tashi. Ya sake takawa, kumfa ta fara fitowa ta bayan tayoyi, fara sol, tana bin titi. Ya yi ta bugun feda, yana bugu tana ƙaruwa, har yara da manya suna bi suna kamawa. Motar ba ta sha kwanar ba. Ta miƙe titin da ke gangarawa bakin teku.

Ba gudu take yi sosai ba, amma ba ta da niyyar tsayawa. Anselmo na ihu a kauce, mutane na kaucewa suna ba shi shawara. Wani ya ce ya sa ribas. Ya sa, giya ta yi ƙara ta tofar. Mariposa ta bi gangaren da masunta ke tura jiragensu, ta shiga ruwa da baya a natse, yadda ake shigar da jirgi, har ruwa ya kai ƙofa, injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

"Ya dawo gida," in ji Nemesio.

Yusimí ta tattare rigarta a cinya, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Aka kawo kwale-kwale a ɗauke ta, ta ce ba ta sauka, ba ta cika zagayenta ba tukuna.

Sai ga Orestes da igiya a kafaɗa. Ya ce zai ja ta ya fitar, ya kai yarinyar gida a tasa motar, a ba shi aladen gaba ɗaya. Ya nuna min ruwan ya ce in yi sauri, teku na cikowa. Na cire takalmi na shiga har gwiwa don ya san ba ruwa ne zai yi min ciniki ba. Na tambaye shi nawa ya samu a daminar bara. Kowa ya san da an fara ruwan sama motarsa sai ta koma ƙarƙashin tamfol, ba mai hayar baho. Na ce ina da rufin ƙarfe na asali jingine a gida, ƙirar shekarar motarsa, ba tsatsa, da fitilar cikinsa. Zai ja Mariposa ya fitar, ya ja ta ta ƙarasa dandali, da hancinta a gaba, jikata a ciki. Ya ce a ƙara cinya guda. Na ce faranti guda, kamar kowa. Ya ce to kan aladen. Na ce kunne. Ruwa ya taɓa kujerar gaba, ban waiwaya ba. Shi ya waiwaya, ya miƙo hannu.

Da aka fito da ita na ce Anselmo ya sauka. Ya ce wa zai riƙe sitiyari, na ce ni, wadda ake ja ba ta ɓata hanya. Orestes ya ce saura birki, kada mu daki bayan motarsa. Na kwance igiyar Migdalia daga ƙofa guda, na ɗaura a bambar baya, na miƙa wa Anselmo bakinta.

"Injiniya, ga aikin Jamus. In na ɗaga hannu ka ja."

Haka Yusimí ta cika zagayenta a motar kakanta, jar motar Orestes na jan ta kamar jaki, ni a mazaunin Evaristo ina danna hon, ruwan teku na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofofi. Anselmo na baya a jiƙe, takalmi guda, yana turjewa da dugadugai a kan kumfar da bai gama bushewa ba. Sau biyu ya zauna a ƙasa. Har yau in ya ratsa ta gaban masu karta sai wani ya ɗaga hannu ya ce a ja birki.

Hoton da mai hoto ya ɗauka kafin kwana ta uku shi muka aika Sifen. A hoto ba a gane ko gaba mota take yi ko baya. Uwar yarinyar ta bugo waya tana kuka, ta ce dubi yadda Kawu Anselmo ke waiwayen 'yarta, ko hanya ba ya kallo don ƙauna. Ta aiko masa da akwatin sifanoni sababbi, ta adireshina.

Akwatin na ƙarƙashin gadona. Orestes ya taya sau biyu, tayinsa bai kai ba tukuna.